Mahaifina da Rijiyar Surukinsa

Mahaifina ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan dawa, ba da daɗewa ba bayan sojoji sun karɓi mulki. Daga Allah muka zo, wurinSa za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Bai yi doguwar jinya ba. Da hantsi aka kai shi makwancinsa, kafin azahar ƙofar gidanmu ta cika har an rasa tabarmi.

Mu mata muna ciki, zana ɗaya ce ta raba mu da maza, don haka duk abin da aka faɗa a waje yana iso mana. Mutanen Barkiya suka zo da ƙafa, na Tamawa a kan jakuna, 'yan kasuwar hatsi na Dutsin-Ma da Kurfi suka jingine kekunansu jikin danga. Kowa ya zauna sai ya yi addu'a, a shafa, sannan ya ce, "Bai ci na kowa ba." Na ji maganar nan har ta fara gundurata.

Tsohon dagacin ƙasarmu, wanda suka yi shekaru suna zaman majalisa tare, sai da aka riƙo shi ya sauka daga doki. Shi bai bi sahun kowa ba. Ya ce, "Ya wahalshe ni, wallahi ya wahalshe ni. Allah shi gahwarta mashi." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka ce amin. Sarkin fawa kuwa, wanda rabin gari ya san sun taɓa yin rigima, kuka ya yi sosai har liman ya yi masa faɗa.

A cikin gida abin ya bambanta. Mata za su durƙusa gaban Inna, mahaifiyata, su yi mata ya haƙuri, su juya ga Goggo, yayar mahaifina, su yabi mamacin da gaskiya da riƙon amana. In sun zo kaina sai gaisuwar ta gajarce. Wata tsohuwa ta manta ta ce mini, "An yi rashin mai gaskiya," sannan ta tuna da wadda take magana, ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Babu wanda bai sani ba a ƙasarmu cewa gaskiyar mahaifina ce ta kashe mini aurena na fari, ita ce kuma ta raba ni da ɗiyata.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Maigidana na yanzu malamin yaƙi da jahilci ne a Kurfi, shi ya koya mini boko a tsakar gida. Ƙannena maza suna da labarin mahaifinmu na kasuwa da na majalisa, za su yi ta ba da shi har ya koma yabo zalla. Ni ina so a tuna da mutumin yadda yake, da taurin kansa da komai.

Ni ce 'yar farinsa. Kakanninmu Fulani ne. Yaren ya bar mu tun kafin a haife ni, amma shanu da kunya sun tsaya. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ana yaye ni aka miƙa ni sashen Goggo, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, a ɗakinta na girma. In yana da magana a kaina sai ya tsaya bakin ƙofarta ya ce, "Yaya, ki hwaɗa ma ɗiyarki kaza," ko da ina zaune gabansa ina tsintar wake. In muka yi karo a zaure, shi ya kalli bango, ni in kalli ƙasa, mu wuce kamar waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Sai da na yi wayo sosai wata 'yar maƙwabta ta faɗa mini cewa wannan dogon mutumin ubana ne, na je na kai ƙararta wurin Goggo don na ɗauka zagina ta yi.

Ba wai bai damu da ni ba ne. Ran kasuwa yakan dawo da ƙunshin alewa ko 'yan awarwaro, ya ajiye bakin ƙofar Goggo ya ce, "A ba wanda ya dace." Babu wani yaro a sashen sai ni.

Halin da ya sa aka san shi a waje, a gida ya fara. Duk shekara in an gama kai amfanin gona, sai ya tara ƙannensa da matansu a gindin rumbu, ya sa a buɗe, kowa ya hau tsani ya leƙa. Da bazara a sake. In an sayar da sa, a gaban kowa yake faɗin yadda aka yi ciniki da abin da za a yi da kuɗin. Yakan ce, "Ku zo ku gani, kar gobe ku ce an ce maku." Matan gida ba su son hawan tsanin nan ko kaɗan. Inna takan ce ita ta yarda, ya ce ai ba yarda ya nema ba, leƙawa ya nema.

Tun Turawa ba su tafi ba aka zo da tsarin cewa kowace ƙasar dagaci ta yi majalisa, a riƙa bar mata wani ɗan kaso daga haraji don ayyukan jama'a: rijiya, rumfunan kasuwa, mahauta, gyaran hanya. Aka ce kowane yanki ya ba da wakili. Mutanenmu suka ba da mahaifina. Yanzu ana cewa don amanarsa ne, amma Goggo ta ce don kowa yana da aikin yi ne, aka ɗauka zaman cin goro ne kawai.

Yadda abin yake, shekarar kuɗi tana ƙarewa da bazara. Malamin majalisa sai ya rubuta rahoton abin da aka karɓa da ayyukan da aka gama, ya karanta, wakilai su sa hannu ko su dangwala yatsa, a aika baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya, a Katsina. Sauran wakilai sukan dangwala su tashi. Mahaifina da ajami yake sa hannu, a hankali, kuma ba ya sawa sai ya je ya ga aikin da idonsa. In rumfa ce ya girgiza ginshiƙi. In hanya ce ya bi ta. In rijiya ce ya zura guga ya ja ruwa ya kurɓa. Har ya zamana akwai guga da igiya a ɗaure jikin jakinsa kullum, ko gaisuwar suna za shi. Daga nan sunan Mai Guga ya bi shi.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya fi damun dagaci shi ne ran kasuwar da ta biyo bayan zaman majalisa. Mahaifina zai tsaya gindin tsamiya kusa da 'yan hatsi, ya yi gyaran murya, ya faɗa wa duk mai son ji abin da aka karɓa da sunan jama'a, abin da aka yi da shi, da abin da ya rage. Babu wanda ya sa shi. Dagaci ya kira shi ya ce maganar majalisa ba ta kasuwa ba ce. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ai daga kasuwa anka karɓo kuɗin." Da farko mutane don dariya suke taruwa, masu tallar fura suna kwaikwayon gyaran muryarsa. Daga baya sai ya zama in bai zo da wuri ba ana tambaya ko lafiya.

Ba kullum yake da gaskiya ba. Shekarar da aka yi daɓen siminti a mahauta, ya je ya buga da sandarsa, ƙarar ba ta yi masa ba, ya tsaya a kasuwa ya ce an rage siminti. Sarkin fawa ne ya kula da aikin, ya ji zafi ƙwarai, har ya bi shi ƙofar gida suka yi ta sa-in-sa. Aka turo malamin ayyuka daga Katsina ya duba, ya ce daɓe lafiya lau yake. Ran kasuwa ta gaba mahaifina ya koma gindin tsamiya ya ce, "Abin da na hwaɗi a kan mahauta kuskure ne. Aiki daidai shike. Ni ne ban san siminti ba." Sarkin fawa ya ji daɗi ya aiko masa da cinyar rago. Mahaifina ya mayar da ita ya ce wakili ba ya karɓar nama daga wanda ya yi wa majalisa aiki. Suka sake sabuwar rigima, wadda ta fi ta farkon daɗewa.

A tsakiyar shekarun nan aka yi mini aure a Dutsin-Ma, gidan 'yan kasuwar hatsi. Ina son mijina, shi ma yana sona, ba zan ɓoye wannan ba. Saurayi ne mai kuzari, yana ganin awon gero ya yi masa kaɗan, yana so ya shiga kwangila. Allah Ya ba mu ɗiya mace. Tsakaninsa da mahaifina kuwa kunyar surukai ce cikakkiya. Tun daga nesa zai cire takalmi ya durƙusa, mahaifina ya amsa yana kallon wani wuri. Ba su taɓa cin abinci a inuwa ɗaya ba. In mahaifina ya shiga Dutsin-Ma, zagaye yake yi don kada ya bi ta ƙofar gidanmu.

Sai majalisa ta sa aikin rijiya a wata ruga da ke kan hanyar Makera, inda mata ke tafiya mai nisa neman ruwa. Dagaci da malamin majalisa suka ba mijina aikin. Goggo ta ce tana jin labarin ta gane lissafinsu: aikin suruki shi ne wuri ɗaya da gugan mahaifina ba zai iya shiga ba, don mutum ba ya bin diddigin surukinsa, balle ya ɗaga maganarsa a kasuwa. Ban ce sata suka yi niyya ba. Ina ganin hutu suke nema na shekara guda.

Mijina ya ɗauki masu haƙa, ya sayi siminti da jarinsa da na mahaifinsa, aiki ya yi nisa. Sai suka tarar da dutse. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ke ƙarƙashinta. Diga ta yi ta karyewa. Aka ce sai ma'aikatan rijiya na En'e sun zo da nakiya, su kuwa ba za su samu zuwa ba sai bayan damina. Ga bazara ta kama, shekarar kuɗi za ta ƙare. In aka rubuta ba a gama ba, kuɗin aikin zai koma Katsina, mijina ba zai samu ko sisi ba, ruga kuma ta koma bayan layi. Malamin majalisa ya kawo shawara a rubuta an gama, a biya, in masu nakiya sun zo a ƙarasa. Na san mijina, da ya ƙarasa ɗin.

Wata rana da la'asar ya shigo ɗakina ya zauna bakin gado, abin da ba ya yi da rana. Ya ce, "Ki shirya ki tai gida ki ga Goggo. Ni ba ni iya tunkarar Baba da wannan magana, ke ma ba ki iyawa. Ita kaɗai shike saurare." Na tambaye shi in Baba ya ƙi fa. Ya daɗe yana kallon yarinyar da ke bayana, sannan ya ce mahaifinsa ya sa duk abin da ya mallaka a ramin nan.

Washegari na goya ɗiyata na tafi. Goggo ta saurare ni har na gama, ta ɗaura ɗankwali ta fita. Mahaifina yana gindin rumbu yana tufkar igiya. Ni na tsaya bayan zana, ya kuma san ina nan.

Goggo ta zayyana masa komai. Bai ɗago ba, ya ce, "Akwai ruwa ciki, Yaya?"

Ta ce, "Za a samu."

"In an samu sai in sa hannu."

"Malam, surukinka ne hwa."

"Na sani."

"Auren ɗiyata za ka kashe a kan tawada?"

Ya tsaya da tufkar. Ya ce, "In na sa ma wannan hannu, mi zan ce ma sarkin hwawa? Shi da na tsaya kasuwa na hwaɗi nashi, alhali ma bai yi komi ba?"

Goggo ta ce sarkin fawa ba shi da ɗiya a gidan kowa. Ta yi masa faɗa irin na yaya, ta kira shi da sunan da ake kiransa yana yaro, ta tuna masa ita ta goya shi. Ya bar ta ta gama, ya ce Allah Ya huci zuciyarta, ya ci gaba da igiyarsa.

Kunyar dai bai yar da ita ba. Kafin ya je rugar sai da ya aika a faɗa wa mijina ranar da zai zo, don kada su haɗu a bakin ramin. Ya je ya zura guga, matan ruga suna tsaye suna kallo. Guga ya fito da tsakuwa.

Abin da ya faru a majalisa, ƙanen mahaifina da ya raka shi ne ya ba mu labari. Malamin majalisa ya yi bayani dalla-dalla, kuma bayaninsa da hankali, mahaifina ma ya ce da hankali. Ya ce, "To a rubuta hakanan: an iske dutse, muna roƙo a bar mamu kuɗin har masu nakiya su zo." Malamin ya ce takardar ba ta da gurbin wannan, an gama ko ba a gama ba kawai take tambaya. Mahaifina ya ce, "To ba a gama ba." Sauran wakilai suka dangwala yatsunsu. Dagaci ya ja shi gefe ya ce shi ke nan, kada ya sa hannu, takarda za ta tafi ko babu shi, abu ɗaya yake roƙo, ran kasuwa ya zauna gida.

Bai zauna ba. Ya je gindin tsamiya ya faɗi sauran ayyuka ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Rijiyar ruga an rubuta an gama. Na je na diba, dutse ne, babu ruwa. Mai aikin bai gudu ba, bai ci komi ba, dutse ya tare shi. Amma ba a gama ba."

Da a nan aka tsaya, wataƙila da sauƙi. Sai wani mai neman abin dariya ya ɗaga murya daga cikin taro ya ce, "Malam, wa ke aikin?" Duk kasuwar ta san amsa. Mahaifina ya ja rawani ya rufe baki, ya sunkuyar da kai. Kasuwa ta kwashe da dariya. A wurin akwai abokan cinikin surukina, kafin magariba labari ya riga kowa isa Dutsin-Ma. Dariyar nan ce dangin mijina ba su taɓa yafewa ba.

Tunda magana ta fita kasuwa, dagaci bai iya aika rahoton yadda yake ba. Aka sake rubutawa, kuɗin rijiya ya koma baitulmali. Jarin gidan surukaina ya nutse. A layin 'yan hatsi aka daina ba su kaya sai sun biya a take. Uwar mijina ta daina amsa gaisuwata. Mahaifin mijina ya ce ba zai ci tuwon gidan da ya tona masa asiri a kasuwa ba. Mijina ya yi ƙoƙari, ya jure har damina ta wuce. Daga nan ya ce in je gida in huta sai ya neme ni. Abin da ya biyo ni shi ne saki.

Da aka yaye ɗiyata, ƙanwar ubanta ta zo ta tafi da ita, kamar yadda aka saba. Ba da jimawa ba suka tashi daga Dutsin-Ma gaba ɗaya suka koma kudu wajen Funtua. Yanzu ta zama budurwa. Na gan ta 'yan lokuta kaɗan, tana gaishe ni da ladabi irin wanda ake yi wa 'yar uwa ta nesa.

Ranar da aka zo ɗaukarta mahaifina ya bar gida tun da asuba ya tafi wurin shanu a daji, sai da aka kwana biyu ya dawo. Da ya dawo ya turo wata karsana sashen Goggo, babu bayani. Duk zaman da na yi a gidansa kafin in sake aure bai ɗaga maganar ba, ko ta bakin Goggo. Na ji haushinsa, haushi mai yawa, na shekaru. Ina dafa tuwon da zai ci ina jin haushinsa. Kuma babu hanyar da zan faɗa masa, don 'yar fari ba ta da baki a gaban ubanta.

Rijiyar kuwa, sai bayan wasu shekaru layi ya sake zuwa kan rugar, aka fasa dutsen, aka samu ruwa mai daɗi. Da an bi shawarar malamin majalisa, wataƙila da matan nan sun huta da tafiya tun da wuri. Nakan yi wannan tunanin, ban kuma san amsarsa ba. Abin da na sani shi ne, muddin mahaifina yana majalisar, ba a sake rubuta an gama a kan aikin da ba a gama ba. Da siyasar jam'iyyu ta yi ƙarfi aka sauya wakilai, babu ɓangaren da ya neme shi. Ya kwance gugan daga jikin jaki ya ba matan gida. In an tare shi a kasuwa an tambaye shi labarin kuɗin majalisa, sai ya ce bai ga komai ba, don haka ba shi da abin faɗa.

Da ciwon ajali ya kama shi aka aiko mini Kurfi, na zo. Mutane suna ta shiga yana neman gafararsu, har sarkin fawa. Ni ban shiga ba, ina bakin ƙofa ina dama masa kunu ina miƙa wa Goggo. Ranar da ya rage masa kwana ɗaya a duniya, bayan la'asar, ya sa aka fitar da kowa sai ita. Na ji ya ce, "Yaya, ɗiyarki na kusa?"

Ta ce, "Ga ta nan bakin ƙohwa."

"Ta shigo."

Na shiga na durƙusa daga gefen ƙafafunsa. Ya juyar da fuska bango. Muryarsa ta yi ƙasa, amma a tsaye take. Ya ce, "Ki hwaɗa mata, abin da ya hwaru, kowa ya yi asara ya maida. Dagaci ya maida, su wancan gida na ji sun maida. Ita kaɗai ce ba ta maida ba. Ni na jawo mata, ba ni kuma da abin da zan biya ta. Ki roƙa mani ita gahwara."

Goggo ta juyo ta maimaita mini kalma bayan kalma, kamar ba a ɗakin nake ba, hawaye yana bin fuskarta. Na ce ta faɗa masa na yafe duniya da lahira. Da gaske nake. Ta faɗa masa. Ya ce alhamdu lillahi.

Ya kamata in tashi a nan. Amma akwai tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita, na kuma san in na fita da ita babu sauran wanda zai amsa. Na ce, "Goggo, ki tambaye shi, da za a maido ranar, zai sa hannu?"

Goggo ta harare ni ta ce ba da bakinta ba, mutum yana kan gargara ba a yi masa irin wannan. Na fara tattara zanena zan miƙe. Sai ya yi magana, fuskarsa na bango har yanzu.

Ya ce, "Yaya, ki ce mata a'a. Rijiyar babu ruwa cikinta."

Na fita na ci gaba da damun kunu. Ban ji haushi ba, ban kuma ji daɗi ba. Da ya ce mini i don ya faranta mini rai, da ban san wanda na yi wa gafara ba.

Wannan shi ne mahaifina, iyakar abin da na gani da wanda na ji daga waɗanda suka gani. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Allah Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya yi masa hisabi mai sauƙi, ba irin wanda shi ya yi mana ba.